Zannuwan Gadon Baba

Duk wanda ya ce wanki yana bushewa a Lima cikin watan Yuli, ƙarya yake yi, ko kuma yana da inji. Rana takan yi ƙaura tun Mayu, ta bar mu da yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum sosai, ba ya kuma barin komai ya bushe. Da can a saman bene muke shanya, sai mai gidan ya ɗora wani hawa a kai ya zuba 'yan haya. Dole na sayo ƙarfen shanya, irin mai naɗewar nan mai fiffike biyu, na kafa shi a ɗakin Baba, don nan ne kaɗai taga ke shan iska. Na ajiye baho a ƙarƙashinsa saboda ɗigar ruwa.

Zannuwan gado biyar gare ni, ƙarfen kuwa uku yake ɗauka, su ma sai an ninka. Mahaifina, wanda ake kira Don Fortunato, tsohon direban bas, yakan jiƙa biyu a yini, wani lokaci uku, tun da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ƙunzugun roba ya ci masa baya har ya yi gyambo, don haka Maritza, nas ɗin da ke zuwa duba shi duk Alhamis, ta hana sa masa. Ta ce in ana son gyambon ya warke, kada ya kwanta a kan danshi ko na awa ɗaya.

Yayana Wilmer ya leƙo ranar, yana tsaye lokacin da ta faɗa. Ya ja ni kicin.

"In abin nan ya ƙaru, Chosica zan kai shi, gidan tsofaffi na sistocin coci. Can akwai rana."

"Ka kai shi mu gani, Yaya! Mai zuwa ranar Lahadi da lemo huɗu a leda shi ne zai koya mini riƙon uba?"

"Ke Zoila, bakinki ne kaɗai mai zafi a gidan nan. Da yana busar da kaya, da mun huta."

Na yi masa tsaki. Baba ya taɓa riƙe mini hannu ya ce kada in bari a fitar da shi daga gidan da mahaifiyarmu ta rasu a ciki, kuma na yi masa alkawari.

Babu abin da ban gwada ba. Na kunna fanka, Baba ya kama tari. Na bi zani da dutsen guga, ya yi ɗumi a hannu, bayan minti goma ya koma sanyi ƙalau. Kwana uku zani yake yi a kan ƙarfen nan, ya sauko yana tsami. Hannuwana duk sun tsage saboda sabulu.

Ranar Litinin da hantsi na ɗora zani na huɗu a kan ƙarfen, don babu yadda zan yi. Fiffike ɗaya ya zame, ƙafafun suka haɗe, komai ya zube a ƙasa, har da wanda ya kusa bushewa, wanda nake ta lallaɓawa tun Asabar. Ya faɗa tsamo-tsamo cikin bahon. Sai na ji bakina yana cewa, "Na gaji! Wayyo Allah, na gaji! Kullum fitsari, kullum wanki, yaushe zan huta?"

Na juya, idon Baba a kaina. Ban ba shi haƙuri ba, na tattara kayan na koma famfo.

Ranar Talata na sa hannu a ƙarƙashin Baba, na ji a bushe. Da yamma ma haka. Laraba ɗan kaɗan kawai ya yi, bai kai tafin hannu ba. Murna kamar in taka rawa. Na kira Wilmer a waya na ce, "To mai Chosica, sai ka nemi wani tsohon, namu ya fara samun sauƙi." Nakan kai wa Baba ruwan sha'ir ɗinsa mai ɗumi, in ajiye masa kofin wajen hannunsa mai lafiya, in dawo in tarar babu ko ɗigo. Har tsokanarsa nake yi, "Don Fortunato, an gyara burki ke nan?" Ya ɗan murmusa da ɓarin bakinsa. Na dai lura bahon yana saurin cika, sai na ɗauka matsar da nake wa kayan ce ba ta isa ba.

Da Maritza ta zo ranar Alhamis, ko gyambon ba ta duba ba. Ta tsunkuli fatar hannunsa, fatar ta tsaya yadda ta ja ta. Ta buɗe bakinsa ta dubi harshen.

"Yaushe rabonsa da ruwa?"

"Ɗazun nan. Kofi shida yake sha a yini, ni nake ba shi."

"Kina ganin yana haɗiyewa?"

Ta waiga, ta jawo bahon da ƙafa zuwa wajen haske. Ruwan ciki ya yi ja-ja, ga ƙwayoyin sha'ir kwance a ƙasa. Bahon yana daidai inda hannunsa zai kai.

Na durƙusa na ɗora kofi a leɓensa. "Baba, don Allah. Zan wanke, wallahi zan wanke ko guda goma ne." Ya datse haƙora, ruwan ya bi gemunsa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na yi kuka, ya juyar da kai bango.

A asibiti suka sa masa ƙarin ruwa, likita ya ce ƙodarsa ta wahala. Wilmer ya zo da takardar gidan sistoci a aljihun riga, bai fito da ita ba, bai kuma ce mini uffan ba, wannan ya fi mini zagi ciwo. Da la'asar Baba ya buɗe ido. Ya shafa farin zanin da yake kai da yatsunsa, ya yafito ni.

"Wa yake wanke na nan?"

"Suna da inji, Baba. Shi yake wankewa, ya busar."

"Ba mutum ba?"

"Ba mutum ba."

"Na sistocin fa?"

Na dubi Wilmer. Ya ce, "Su ma suna da shi, Baba."

Baba ya ce, "To ba ni ruwa, 'yata."

Na tallafe kansa. Ya shanye kofin ba tare da ya numfasa ba, ya nemi ƙari, ya sake neman ƙari. Ina jin yadda maƙogwaronsa ke motsi a kan hannuna.

Na miƙa wa Wilmer ɗaya hannun na ce, "Yaya, kawo takardar. Ina ne zan sa hannu?"