Harbi Uku na Don Anacleto

Don Ubaldo maƙerin bindiga ya karɓi bindigar. Ya zare zobban ƙarfen, ya ɗaga katakon da ke rufe saman bututun, ya kai bindigar bakin taga inda haske yake. Sai ya kamo yatsan Anacleto ya ɗora a kan ƙarfen, ya ja shi a hankali daga baya zuwa gaba.

"Ka ji?"

Ya ji mana. Ƙarfen da ya kamata ya tafi sumul ya ɗan tasa a wuri guda, kamar gaɓar kara. A gefen kumburin kuma akwai wani ɗan layi siriri wanda sai an karkata shi ake gani.

"Zanzaro ne ya yi maka gini a ciki, ko?" in ji Ubaldo.

Anacleto ya sunkuyar da kai. Haka aka yi. Bazarar bara bindigar ta kwashe wata uku a rataye a baranda. Wata safiya dila ya faɗo wa 'yan tumakinsa, ya fizgo ta ya harba bai leƙa bututun ba. Ƙarar da ta yi ran nan ba irin tata ba ce, kunnensa ya wuni yana kuka. Mutumin da ya shekara arba'in yana farauta, kuma shi ne mai yi wa wasu faɗa a kan leƙa bututu! Kunya ta hana shi gaya wa kowa.

"Don Anacleto, bari in faɗa maka gaskiya," in ji maƙerin. "Tana iya harbi ɗari lafiya lau. Tana iya fashewa a na gaba. Ni ban sani ba, kai ba ka sani ba. In kuwa za ta fashe, a nan za ta fashe, daidai inda hannun hagu yake riƙewa. Ko a sa mata sabon bututu, ko a cire mata sakata a rataye ta."

"Sabon zai ɗauki kwana nawa?"

"Daga Buenos Aires zai zo. Wata biyu, in ba a yi wasa da takardu ba."

Wata biyu ina! Nan da kwana goma motar kaya za ta zo ta kwashe su. Gwiwoyin matarsa Celmira sun ƙi, 'yarsu ta samar musu ɗaki a bene a Santa Rosa kusa da asibiti, ta kuma ce kada a kuskura a shigo mata da bindiga. Ga shi an riga an sami mai saye, wani likitan haƙori, Dokta Salvatierra, wanda ya buga waya sau biyu yana tambayar abu ɗaya: lambar da ke jikin bututun daidai take da ta jikin bindigar? Abin da mutanen birni ke so ke nan a tsohuwar bindiga ƙirar Mausa. Ka canza bututu, ta zama bindigar kowa da kowa, likita ya fasa.

"Mayar da katakon," in ji Anacleto. "Zan yi shawara."

Ubaldo ya dube shi ta saman gilashinsa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya mayar. Katakon ya rufe kumburin ruf, kamar ba a taɓa yin komai ba.

Shawarar da Anacleto ya yi ke nan a hanyar gida, shi da kansa, yana tuƙi yana magana kamar taɓaɓɓe. Likitan haƙori me ya sani a farauta? Bango zai rataye ta ya riƙa nuna wa baƙi. Ko ya harba, sau nawa zai harba? Ubaldo ma ai cewa ya yi harbi ɗari. Duk da haka, duk lokacin da motar ta faɗa rami bindigar ta motsa a bayan kujera, sai gabansa ya faɗi. Tsoronta yake ji, bindigar da ubansa ya bar masa. Da ya isa gida Celmira ta miƙo masa ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke sha, ta ce yaya, ya ce mata lafiyarta ƙalau, mai kawai aka sa.

Ranar Asabar da hantsi ƙura ta taso a hanya. Farar mota ta tsaya a ƙofar shinge, likita ya fito da sababbin takalma da hular da ko sau ɗaya rana ba ta taɓa dukanta ba. Anacleto ya ji sanyi a ransa. Sai ɗaya ƙofar ta buɗe, Nicanor ya diro.

Kai, duniya! Nicanor Quiroga, amininsa tun suna samari, uban baftismar 'yarsa, wato compadre a bakinsu, mutumin da ke kai mutanen birni farautar aladen daji. Ashe shi likita ya ɗauka ya nuna masa hanya. A hammatarsa kuma ga kwalin harsashi.

"Compadre!" in ji Nicanor, ya rungume shi yana bubbuga bayansa. "Za ka sayar da tsohuwa ba ka gaya mini ba? Tsohon banza, ka ji tsoron in ce ka ba ni kyauta."

"Kai da ko wuƙa ba ka iya riƙewa," in ji Anacleto. Ya yi dariyar yaƙe.

Aka zauna a baranda, mate ya zagaya sau biyu. Likita ya karɓi bindigar yana shafa ta, ya duba lamba nan, ya duba can, ya yi ta gyaɗa kai. Anacleto yana addu'a a ransa mutumin ya naɗe ta a bargo ya tafi. Saura kaɗan a yi haka. Nicanor ne ya ajiye ƙoƙo ya miƙe yana kaɗa kwalin.

"To Dokta, a nan ba a sayen doki sai mai shi ya hau a gabanka. Bindiga ma haka. Mai sayarwa ya harba uku, sannan a sha hannu. Tashi, compadre."

Wannan al'adar Anacleto ya san ta sarai, shi kansa ya sha tsayar da wasu a kanta. Ya dai ɗauka ɗan birni ba zai sani ba.

"Kafaɗar nan tawa ce," ya ce yana murza ta. "Kwana biyu ta matsa mini."

"Kafaɗa? Ranar Laraba na wuce na gan ka ka saɓa rago kamar jariri. To shi ke nan, tsufa ba laifi ba ne. Kawo in harba a madadinka, ai aboki yana tsaya wa aboki."

Ya miƙo hannu, hannun hagu, ya kama katakon daidai wurin. Anacleto ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi a baya. Ya fizge bindigar da ƙarfin da ya sa Nicanor ya ɗaga gira.

"Bari, ni zan harba abata."

Nan ne wurin da ya kamata ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, kowa ya huta. Amma ina! Ga likita yana murmushi, ga Celmira a bakin ƙofa, ga Nicanor wanda gobe duk garinsu na Victorica zai ji labarin zanzaro daga bakinsa. Tsoro na daji, kunya na gida, shi kuwa ran nan duka biyun suka haɗe masa a tsakar gida ɗaya.

Nicanor ya kafa murfin tsohuwar garwa a jikin itace, taku ɗari daga shinge. Anacleto ya zura harsashi uku. Ɗaya ya kuɓuce masa ya faɗi ƙasa, ya ɗauka ya goge a wando. Ya tura sakata, ya ɗaga bindigar. Bai taɓa jin nauyinta irin na yau ba. Ya janye hannun hagunsa baya, can kusa da kunama, nesa da kumburin gwargwadon iko, bakin bindigar ya hau lilo.

"Wane irin riƙo ne wannan?" in ji Nicanor. "Maciji aka ba ka?"

Anacleto ya kafa ido a kan murfin garwar. Zufa ta gangaro masa cikin ido. Ya tuna yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tuna da su yake ɗaure wa Celmira takalmi tunda ta daina iya sunkuyawa. Ya ce Budurwa Maryamu ki taimake ni, ya runtse ido, ya ja kunama.

Ƙara ta tashi, tsuntsaye suka watse daga itatuwa. Ya buɗe ido. Hannu yana nan. Harsashin ya tafi can sama, ko itacen bai taɓa ba.

Nicanor ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Dokta, kada ka ga laifin bindiga, mai ita ne ya lalace! Tsaya in ga inda kake kai ta."

Ya tako ya tsaya a gefensa na hagu, dab da shi, ya ɗan sunkuyo yana bin bututun da ido. Fuskarsa ba ta fi kamu biyu daga katakon ba. Anacleto yana jin warin tabarsa. Ya san ƙarfe in ya fashe ba ya tambayar wa ya riƙe, gefe yake watsuwa, kuma ga idon Nicanor a buɗe tangararau a wurin. Kalma ɗaya ce, matsa. Ta zo masa har maƙogwaro. Amma in ya ce matsa, Nicanor zai ce don me, su da suka shekara arba'in suna harbi kafaɗa da kafaɗa. Ya haɗiye ta.

Ya ja kunama. Ƙura ta tashi a gindin itacen.

"Ƙasa ka yi yanzu. Ɗaga kaɗan, ka daina rufe ido kamar amarya."

Anacleto ya ɗaga bakin bindigar kaɗan. Saura ɗaya. Ɗaya tak, a sha hannu, bindiga ta bar gidan, ya huta. Ya tura sakata a karo na uku, ƙarar ƙarfen ta ratsa masa haƙora. Nicanor bai gusa ba, har ya ɗora masa hannu a baya don ya daidaita shi. Anacleto ya ja.

Murfin garwar ya yi ƙara ya karkace.

"Yauwa! Ga tsohuwa nan!" Nicanor ya daka tsalle. Likita ya tafa, ya zo ya kama hannun Anacleto ya girgiza. Ciniki ya faɗa. Anacleto ya jingina da shinge, yana jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya tsira. Wallahi daɗi ya ji, daɗi marar kunya, har ya ji yana son ya yi dariya.

"Gobe da asuba za mu gwada ta a kan alade," in ji likita. "Don Nicanor ya yi mini alkawari. Kwali biyar na saya, sai na ƙarar da su kafin in koma. Bari in ji ta tun yanzu."

Ya ɗauki bindigar, ya zura harsashi yadda ya ga an yi. Ya ɗaga ta, ya miƙa hannun hagu ya kama katakon sosai, riƙo mai kyau irin na littafi, tafin hannunsa a kan kumburin. Yatsu ne farare dogaye, da zoben aure. Nicanor ya zagayo ya tsaya a gefensa yana gyara masa gwiwar hannu.

"Kada ka harba!"

Anacleto bai san muryarsa ba ce sai da ya ga sun juyo. Ya yi tsalle ya danne bututun ƙasa, ya ja sakata, harsashin ya faɗo cikin ƙura. Ya zaro wuƙarsa daga ƙugu, ya ɓamɓare zobban da gaggawa har ya yanke ɗan yatsa, ya ɗaga katakon ya jefar.

"Ga shi nan," ya ce. "A kumbure take. Ta tsage. Ubaldo ya ce tana iya fashewa kowane lokaci."

Likita ya leƙa, ya dubi tafin hannunsa, ya nemi kututture ya zauna. Fuskarsa ta yi fari fat.

Nicanor ya karɓi bindigar. Ya ja babban yatsansa a kan ƙarfen, ya tsaya a kan kumburin, ya karkata ta ga rana ya ga layin. Ya daɗe a haka. Dariyar nan tasa duk ta tafi.

"Yaushe ka je wurin Ubaldo?"

"Ranar Litinin."

"Litinin." Nicanor ya juya ya dubi ƙasa, inda sawun takalmansa yake a gefen na Anacleto, dab da juna. "Da na tsaya a nan, ka sani ke nan."

"Compadre, na so in ce ka matsa..."

"Sau biyu, Anacleto. Fuskata a nan. Har da hannuna a bayanka."

Jini yana ɗiga daga yatsan Anacleto a kan wando, bai ma ji ba. Ya fi son Nicanor ya zage shi, ko ya kwaɗa masa mari a gaban baƙo, da wannan kallon da yake masa.

Nicanor ya zare sakatar ya sa a aljihu, ya jingina bindigar da shinge a hankali. Ya tattara harsasansa cikin kwali, ya taɓa kafaɗar likita ya ce su tafi. Da ya zo wucewa ta baranda ya cire hula ya gaida Celmira, ya ce Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

"Compadre," in ji Anacleto, ya biyo shi har bakin mota. "Compadre, tsaya mana."

Nicanor ya shiga ya rufe ƙofa. Ya dube shi ta taga sau ɗaya.

"A sauka Santa Rosa lafiya, Don Anacleto," ya ce, kamar da baƙo yake magana, ya yi wa likita alama ya ja motar.