Tsakar Gida Mai Riƙe Ruwa

Da Iliyasu ya gama ginin gidansa a bayan garin Kura, daidai inda gonakin shinkafa suka soma, abu ɗaya ne ya rage masa: tsakar gida. An yi wa katanga filasta, an shafa mata fenti ruwan ƙasa, an kafa ƙofar ƙarfe. Filin ciki ne kawai yake jiran siminti.

Wannan fili kuwa na matarsa Saude ne. Shekara goma sha huɗu tana turara shinkafa tana shanyawa a gefen titi, tana korar awaki, tana tsince tsakuwa, in hadari ya taso ta kwashe a guje. Iliyasu ya yi mata alkawarin wurin shanya a cikin gidanta, wanda ko an yi mamako, rana na fitowa zai bushe.

Jaji magini, wanda taubashin Iliyasu ne, ya ce a shirye yake ya zuba siminti, amma sai an baje ƙasar tukuna.

"Bar mini wannan," in ji Iliyasu. "Daga nan har Bunkure, wa ya fi ni iya baje ƙasa?"

Gaskiya ya faɗa. In ya gyara fangali a gona, ruwa kan kwanta a ciki daidai wa daida, ba tudu ba kwari. Kwana uku ya yi da manjagara da fartanya, yana tsugunawa yana hango ƙasar da ido ɗaya, yana yanke nan yana cike can. Da la'asar ta rana ta uku, sai ya gwada aikinsa yadda ya saba gwadawa. Ya jawo tiyo daga kanal ɗin ban ruwa da ke bayan katanga, ya tayar da inji.

Ruwa ya shigo a hankali, ya bi ƙasa yana lalube, ya je kowace kusurwa ya tsaya. Iliyasu ya kashe injin. Ya zaga yana tsoma yatsa: gabas gaɓa ɗaya, yamma gaɓa ɗaya, bakin ɗaki ma haka. Ya zauna a dokin ƙofa.

Da ruwan ya natsu, sai sama ta sauko cikin gidan. Gajimare suna ratsawa daga madafa zuwa zaure, ba sa sauri. Balbela biyu suka gifta ta ƙarƙashin ƙafafunsa. Gidan kansa ya zama biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a kife, kowanne da tagoginsa. Ya ji kamar in ya miƙa ƙafa zai taka iska, ya yi ta tafiya har inda shinkafa ba ta ƙarewa. Bai san tsawon zaman da ya yi ba.

Sallamar Jaji ce ta dawo da shi. Saude na biye da shi, ta zo ganin wurinta. Jaji ya tsaya a bakin zaure, ya dubi ruwan, ya dubi Iliyasu, ya tuntsire da dariya.

"Kai bawana! Iri za a yafa, ko dashe za mu yi?"

"Bawan wa? Tsoma yatsanka ka gani. Ko ma'auninka bai kai idona ba."

"Ai na gani. Tarwaɗa kaɗai ta rage."

Saude ba ta yi dariya ba. Ta cire takalmi, ta tattare zani, ta shiga har tsakiya. Sama ta wargaje a ƙafafunta. Ta juya ta dubi katangu huɗun ɗaya bayan ɗaya.

"Baban Khaulat," ta ce a hankali, "ya yi kyau. To ta ina zai fita?"

Iliyasu ya bi gindin katangun da kallo. Duk rayuwarsa koyon tsare ruwa ya yi. Ko sau ɗaya a kwana ukun nan bai tuna cewa akwai filin da ake so ruwa ya bari ba. Da siminti ya hau kan wannan ƙasa, da kowace damina Saude tana gefen titi da awakinta.

"Gidan manomi ke nan," in ji Jaji. "Allah ya sa ba ka yi wa gadon kwana kunyoyi ba."

"Yi mini shiru. Ina ne ya fi dacewa?"

Jaji ya daina wasa, ya nuna kusurwar kudu. "Can. A huda rariya, a karkatar da ƙasa yatsa huɗu daga bakin ɗaki. Siminti sai jibi, in ta sha iska."

Iliyasu ya karɓi guduma da kurfi a hannun Jaji, ya ratsa ruwan, ya durƙusa a gindin sabuwar katangarsa. Bugu na farko ya yi masa ciwo. A na bakwai bulo ya huje, ruwa ya sami hanya, ya fara silalewa waje da ɗan ƙara kamar mai raɗa.

"Ƙara faɗaɗa ta," in ji Saude daga bayansa. "Ruwan Agusta ba ya jira."

Ya gyara durƙuso, ya ƙara bugawa.