Ɓarawon Iska

Shekara goma sha huɗu Iro ya yi yana jan motar Alhaji Hammawa, babban falken shanun nan na Rogo, kuma bai taɓa zuwa Kurmi ya dawo an ce ko igiya ta ɓata a hannunsa ba. Sai ga shi a bazarar casa'in da huɗu an wayi gari ana kiransa ɓarawo. Ba ɓarawon shanu ba, ba na taya ba. Ɓarawon iska.

Abin ya samo asali ne daga wata babbar Marsandi 'yar Beljiyam da Alhaji ya sayo, mai iyakwandishan a gaba. Duk Rogo ba a taɓa ganin motar shanu mai sanyi ba. Alhaji, mutumin da a da bai yarda ya raka kaya ko nan da Fulatan, ya koma kullum yana gaban mota, gilashi a rufe, yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. Sati uku aka yi ana wannan burga, sanyi ya ɗauke. Aka kai ta Kano, masu gyara suka ɗura mata iskar gas suka ce ta warke. Bayan sati biyu ta sake hura zafi. Aka koma, aka sake ɗurawa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi ta ina iskar take fita, don su mutanen birni ba abin da suke so irin ciwon da ke dawowa.

A karo na uku ne Ɗanmaliki ya saka baki. Shi Ɗanmaliki ba a san masa wata sana'a ba ban da zama a gefen tabarmar Alhaji da yin dariya kafin Alhaji ya gama ba da labari. Mutumin da ko keke bai iya ɗaure wa sarƙa ba, shi ne ya gano wa duniya cewa Iro yana zuƙe iskar da tiyo, yana sayar wa masu firjin ƙanƙara a hanya. Ya faɗa a majalisar ƙofar gidan Alhaji bayan la'asar, gaban mutum ya fi goma, Alhaji kuwa ya gyaɗa kai ya ce dama ya daɗe yana zargin haka.

Tsoron kora bai dami Iro kamar sunan ba. Direba irinsa ba ya rasa mota. Amma ranar da 'yarsa Saude ta dawo daga rijiya da tulu rabi, ido jawur, ta ce mata suna tambayarta ko a gidansu ma sanyi ake sha, ranar ya kasa cin tuwo. Washegari ya tsuguna gaban Alhaji a wannan majalisa.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. Akwai Malam Sulle mai gyaran firji a Karaye. Mu kai masa motar, kai da kanka, da duk wanda ya ji abin da aka faɗa a kaina. In ya ce sata ce, a nan zan ajiye makulli."

Ɗanmaliki ya kwashe da dariya. "Mai firjin ƙauye ne zai gano abin da ya gagari Kano?"

Alhaji ya amince, don yana son a kama ɓarawo a gaban shaidu. Ya ɗebi Ɗanmaliki da dattawa biyu, aka cusu a gaban mota, aka kama hanya da hantsi. Gumi ya jiƙe wa Alhaji babbar riga tun kafin su bar ƙasar Rogo, amma ya hana a sauke gilashi, kada mutanen hanya su gane sanyi ya mutu. Iro yana tuƙi yana kallonsa ta gefen ido, yana mamakin yadda ya yi shekara goma sha huɗu yana durƙusa wa wannan mutum.

Rumfar Malam Sulle tana bayan tasha, matattun firji jere a gabanta. Shi kansa wani siririn dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Aka gaisa, an zo lafiya, ya hanya, ya zafi, ya iyali. Ya saurari bayanin Alhaji, ya saurari na Ɗanmaliki wanda ya fi tsawo. Ya ɗauko wani agogon awo mai tiyo biyu ya jona, ya dubi allurar, ta kwanta. Ya ɗan ɗura iska daga tukunyarsa ta gas har allura ta miƙe. Sannan ya shiga rumfa ya fito da kwanon sha, da guntun sabulun wanki, da tsohon burushin haƙori.

"Wannan ne kayan aikin?" in ji Ɗanmaliki. "Alhaji, wanki aka kawo mu."

"Ka taɓa ganin mai faci yana neman huji a tayar keke?" Malam Sulle ya tambaya ba tare da ya dube shi ba. "To, ita ma iska ce. Duk inda take fita sai ta nuna kanta."

Ya kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, ya fara bin bututun iskar gaɓa gaɓa. Ya fara da bakin da ake ɗura iskar, wanda Ɗanmaliki ya rantse ta nan ake zuƙa. Aka zuba ido. Shiru. Ya shafa a mahaɗar tiyo, shiru. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya zagayo gaba inda wata raga take a gaban lagireto. A nan ya tsaya. Ya nuna wani wuri a jikin siririn bututu inda ƙura ta manne ta yi baƙi.

"Iskar nan da mai take tafiya. Inda ta fita, mai ya fita, ƙura ta kama."

Daidai wurin, wata laya ce a ɗaure, ɗinkin jar fata, an naɗe ta da wayar ƙarfe zagaye huɗu, an murɗe tamau.

Wani daɗi mai ɗaci ya taso wa Iro. Ya san layar. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san ta. Ranar da motar ta iso Rogo, Alhaji da hannunsa ya ɗaura ta saboda bakin mutane. An ba shi zare ya ce zare na tsinkewa, ya sa aka kawo waya da filaya, ya zaɓi bututun nan don ya fi ko'ina ɓoyuwa, ya murɗa har yana nishi. Sannan ya yi gargaɗi cewa duk wanda ya taɓa ta, a bakin aikinsa.

Malam Sulle ya ɗiga ruwan sabulu a kan wayar. Wani ƙwai na kumfa ya taso, ya kumbura, ya fashe. Wani ya biyo shi. Wani kuma.

"Ga ɓarawonku," in ji shi. "Duk ramin da mota ta faɗa, waya tana cin bututu. Wane gwanin ne ya ɗaure wannan?"

Dattawan biyu suka shiga duban takalmansu. Ɗanmaliki ya buɗe baki, karon farko a rayuwarsa bai sami abin da zai fito da shi ba. Alhaji ya ciro hankici yana goge wuya, yana duban wata akuya da ke wucewa kamar zai taya ta.

Malam Sulle ya yi bisimilla ya warware wayar, ya miƙa wa Alhaji layarsa da hannu biyu, ya jefar da wayar a ƙasa. Ya kwance bututun, ya kankare wurin har hujin ya fito, ɗan mitsitsi kamar bakin allura. Ya kunna wutar walda ya like shi, ya mayar. Ya jona wani tsohon injin firji ya zuƙe iskar banza da ta shiga ciki, ya zauna ya zuba wa allurar agogo ido kusan rabin awa, ba ta motsa ba. Sai a lokacin ya ɗura sabuwar iska, ya sake bin wurin da sabulu. Ko ƙwai ɗaya bai taso ba. Iro ya tayar da mota, sanyi ya huro.

Duk tsawon wannan aiki Iro jira yake. Kalma ɗaya yake so, a gaban dattawan nan, wadda za su ɗauka su kai Rogo, ta isa bakin rijiya.

Alhaji ya hau mota ya gyara zama, ya kara fuska a sanyi har ya lumshe ido. Da ya ji ransa ya dawo, sai ya leƙo ta taga ya yi gyaran murya.

"To, alhamdu lillahi. Kai Iro, abin da ya wuce ya wuce. Ni dai na yafe maka. Hau mu tafi."

"Allah ya ƙara wa Alhaji haƙuri!" Ɗanmaliki ya sami bakinsa.

Iro ya tsaya yana kallonsu. Bai ji fushi ba, raini ne ya cika masa ciki, irin wanda ba ya fita. Ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zare makulli, ya ɗora shi a kan cinyar Alhaji. Sanyi ya ɗauke nan take.

"Alhaji, ni ban yafe ba."

Ya sunkuya ya tsinci wayar nan daga ƙasa, da lanƙwasarta da baƙin man da ke jikinta, ya saka a aljihu. Ya yi wa Malam Sulle godiya, ya dubi dattawan biyu ya ce, "Baba, kun gani da idonku. Ina jiranku a majalisa bayan la'asar."

"Iro!" Alhaji ya kira, murya ta canza. "To wa zai ja motar?"

Iro bai tsaya ba. Ya ce a ba Ɗanmaliki, tunda ya san kan mota. Ya shiga tasha ya hau bayan wata a-kori-kura mai zuwa Rogo, ya zauna a kan buhun gero cikin tsakar rana, hannunsa a aljihu yana riƙe da wayar da zai fara nuna wa Saude.