Arzika Umaru Biyu

Wasiƙar Lami ta iso Bungudu ranar Talata, cikin shekarar 1998. Bayan gaisuwa ta rubuta: "Baba, wannan makon mun shiga aikin bututu."

Na karanta sau uku. Ni dai koyon kwamfuta na kai ɗiyata Gusau. Na nuna wa maƙwabcina Tambaya, ya ce ai magana a fili take, gyaran famfo aka sa ta. Ya ce ya taɓa ganin masu wannan aiki, cikin kwata suke wuni.

Washegari na hau mota da niyyar in dawo da ita gida.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da fanka da kwamfuta uku. Na duba ƙasa ban ga ruwa ba. Na duba ƙafafun Lami, a bushe suke. Malaminta, Malam Yusha'u, ya ba ni kujera.

"Malam, ina bututun?" na ce.

Ya nuna mini wata ƙaramar sanda tsaye a jikin gilashin kwamfuta, ba ta kai tsinken ashana ba.

"Wannan?"

"Shi ne, Baba," in ji Lami. "Umarni na farko ya gama aikinsa, sai bututu ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku. Kamar a surfa gero, a wanke, a kai niƙa, a tankaɗe."

"To mi ya hana a ce masa miƙo?"



Malam Yusha'u ya ce gara ma da na zo yau. Wata ƙungiyar manoma ta kawo sunayen mutanenta na Gusau da Tsafe da Bungudu, za a raba irin masara. Wasu sun rubuta sunansu sau biyu, wasu sau uku. Shugabansu zai zo bayan la'asar ya karɓi takarda mai tsabta. In Lami ta fitar da ita daidai, zai ɗauke ta aiki a shagon. In ta kuskure, ga ni ga ta, sai mu kama hanya.

Na ce ai dama abin da ya kawo ni ke nan.

Lami ta jera umarninta, sanda tsakanin kowane biyu. Na farko ya ɗauko sunaye ya zubar da garuruwa. Na biyu ya jera su daga A. Na uku ya cire duk sunan da ya maimaitu. Ta danna, injin buga takarda ya yi ta ƙara, takarda ta fito.

Ni ma ɗan ƙungiyar ne, don haka na nemi sunana. Ga shi nan, Arzika Umaru, guda ɗaya.

"Lami, wannan ni ne ko shi?"

"Shi wa, Baba?"

"Arzika Umaru na Bilbis, can ƙasar Tsafe. Dogo, mai shanu. Shekara goma ana kai masa saƙona, ana kawo mini nasa. Bara har gaisuwar mutuwata aka je yi wa Innarki, alhali akuyarsa ce ta mutu."

Malam Yusha'u ya matso. "Alhaji, na'ura ba ta kuskure. Suna ɗaya ne."

"Ban je Makka ba tukuna, Malam. Kuma suna ɗaya ne, amma gona biyu. Wanne ta jefar?"

Ya dubi gilashin. "Ta bar na farko."

"Wane ne na farko?"

Ya sake duban gilashin. Na ci gaba da bin takardar da yatsa. Hamza Adamu ɗaya ne a ciki. Ni kaɗai na san huɗu, biyu a Mada, ɗaya a 'Yankuzo, ɗaya yana bin sahu ɗaya da ni a masallaci.

Aka kira sallar la'asar. Lami tana ta kallon sandunanta. Na so in ce ta ɗauko jakarta, sai na fasa.

"Na tankaɗe kafin in niƙa," ta ce. "Na zubar da garin mutum tun farko, shi ya sa na'urar ba ta gane su ba."

Ta gyara umarnin farko, ta bar kowane suna da garinsa da unguwarsa, su bi bututun tare. Ta sake dannawa.

Da muka dawo daga masallaci takardar ta ƙara tsawo. Arzika Umaru, Bilbis. A ƙarƙashinsa, Arzika Umaru, Bungudu. Hamza Adamu kuwa har bakwai.

Shugaban ƙungiyar ya zo, ya duba sunansa da na surukinsa, ya naɗe takardar ya tafi. Malam Yusha'u ya ce Lami ta zo Litinin ƙarfe takwas.

A bakin ƙofa na tambaye ta ko akwai sandar da za ta sa Bungudu a saman Bilbis. Ta ce akwai, amma shugaba ya riga ya tafi.

Na koma gida ni kaɗai. Tambaya yana zaune a ƙofar gida, ya ce yaya aikin famfon.

Na ce an ɗauke ta.

Ya ce to in ta zo hutu, nasu yana yoyo.