Zuciyar Mai Inji

Tun da aka gano Mai Inji yana da ciwon suga ya daina zuba sukari a shayi, kuma duk wanda ya kawo niƙa sai ya sha labarin. Yayarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin da ke manne da shagon injin, ita ke raka shi ƙaramin asibitin ƙauyen. A soke masa yatsa, ma'aikacin ya duba ya ce, "Madalla, ci gaba a haka."

A haka ya ci gaba. Yini yake zaune kan kujerar ƙarfe gefen inji, tumbi na ƙaruwa, gishiri ko ya ji a miya sai ya ƙara. Sigari kuwa, ya rantse wa Yaya ya bari.

Wata rana da hantsi ta ji inji na ta ƙugi ba hatsi a ciki. Ta leƙa, ta tarar da shi durƙushe kan buhu, ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa garin da ke fuskarsa. A bayan motar kaya aka kai shi babban asibiti.

"Jijiyar zuciya ce ta toshe," in ji likita. "Jininsa ya hau, ga kitse a ciki. Yaushe rabon da a auna masa hawan jini?"

"Ai ba ma fashin awo," in ji Yaya.

"Na suga ke nan. Mai suga, zuciyarsa ake fara tsarewa. Yana shan sigari?"

"A'a," in ji Yaya.

Matar Mai Inji ta sunkuyar da kai. "Yana sha, Yaya, a bayan shago. Ƙirjin ma ya daɗe yana damunsa, maganin olsa yake saye a kemis."

Suna fitowa baranda Yaya ta juyo mata. "Kina gani yana kashe kansa kika rufe baki? Ni ce dodon gidan?"

"Shi ya hana ni."

"Da ya mutu sai ya hana ki kuka!"

Washegari Yaya ko gida ba ta biya ba, ta wuce ƙaramin asibiti. Ma'aikacin na cika sirinji.

"Malam, ina abin awon hawan jini?"

Ya nuna saman kabad. Robar ta tsage, ƙura ta rufe shi. "Tun bara ya lalace, Hajiya. Na kai ƙorafi har na gaji."

"Bakinka ma ya lalace? Ka ce mana ku je gari a auna, shi ma sai an aiko maka daga sama? Kullum madalla, madalla! Ga madallarka can kwance da roba a hanci!"

Ta miƙa hannu ta sauko da shi, ta fito wurin masu jiran layi tana kaɗa shi. "Masu suga, wa aka taɓa ɗaura wa wannan a hannu?" Suka dubi juna. Wani tsoho ya ce shi ya ɗauka rediyo ne. Ba ta yi dariya ba.

Ranar kasuwa ta tsare direban motar kayan, ta loda masu sugan da suka yarda, har da tsohon, aka kai su gari awo. Da yawansu da magani suka dawo.

Da aka sallamo Mai Inji ya rame, ko zare bel ɗin inji ba ya iyawa. Ya zo ƙofar ɗakinta ya tsaya.

"Yaya, ki yi haƙuri."

Ba ta ɗaga kai daga keken ba. "Da sunan Allah ka rantse mini."

"Na sani."

Ta datse zare da haƙori, ta jawo takalmanta. "Likita ta ce ka riƙa tafiya. Wuce gaba, har bakin gona. Kuma kar ka yi mini magana a hanya."