Banɗakin Kan Dutse

Maigidan yana da wani ɗan hali: in ƙofa ta ƙi buɗuwa, laifin kafinta ne. Haka yake a ofis, haka yake a gida, haka kuma ya hau motar gandun daji da halinsa, shi da uwargidansa da Auta.

Saboda Auta aka zo. Tun tana firamare take manna hotunan awakin dutse a bangon ɗakinta, shi kuma kowane hutu sai ya ce mata "baɗi". Bana ta kusa tafiya jami'a, baɗin ya ƙare.

A saman dutsen jagora ya tara su bayan wani shingen katako, ya ce awakin suna saukowa shan ruwa, amma ko tari aka yi sun gudu, sai kuma wata rana. Maigida ya karɓe zancen, ya yi wa mutanen da bai sani ba huɗuba a kan amfanin shiru.

"Baban Auta," in ji uwargida, "kai kaɗai ka rage kana magana."

Sai shayin safe ya nemi hanya. Banɗakin yana nan kusa, ɗan akurki na kwano, ƙofarsa a wangale. Ya shiga, ya maida ita da dunduniya, ya rataye rigar sanyinsa a wani ƙarfe da ke jikinta. Da ya gama ya tura. Ko motsi. Ya sa kafaɗa, kwanon ya yi ƙara, ya tsaya cak.

Ta wata 'yar kafa ya ga gefen shingen. Kowa ya sandare. Auta ta ɗaga kyamara, bakinta a buɗe. Awakin sun sauko ke nan.

To, yanzu fa? In ya buga ƙofa ko ya yi kira, awakin su watse, kuma kowa ya san muryar mai huɗuba. Ya laluba waya, babu sabis. Ya sake turawa a hankali, da gwiwa, da mazaunai, har da addu'a. Wari ya cika masa hanci, sanyi na shigowa ta ƙasan kwano, wani ƙuda ya ɗauke shi ɗan'uwa. Duk faɗin gandun nan, da duwatsunsa da gajimarensa, rabonsa kafa ce da ba ta kai tafin hannu ba, rabinta ma ƙeyar wani mai hula ce.

Ya jingina da bango ya haƙura. Har ya fara jin daɗin kansa: uba ke nan, ya zaɓi wari don 'yarsa ta ga abin da ta zo gani. Ya shirya yadda zai ba da labarin a ofis, da ɗan gyara.

Can sai hayaniya ta ɓarke, ana tafi, ana nuna wa juna hotuna. Ya ji muryar Auta.

"Umma, ina Baba? Bai gani ba? Har da ƙananansu!"

Takun uwargida ya matso.

"Malam, kana ciki, ko damisa ta yi gaba da kai?"

"Ƙofar nan ta lalace," ya ce cikin muryar wanda aka zalunta. "Kira mini jagoran. Kafintan da ya yi ta..."

Ta sa yatsa ɗaya ta tura. Ƙofar ta buɗe ta ciki, rigarsa na lilo a jikin mariƙinta.