Gyara na Bakwai

Verlon Haskew ya tare Arzella tun kafin ta gama rufe ƙofar motarta a harabar cocin da ake zaɓe, ya ɗaga kwalinsa na kamfen har yana neman tsokane mata ido.

"'Yar'uwa Arzella, gyara na bakwai. Eh za ki cike, don girman Allah."

Ta sauke tabarau ta ƙare masa kallo. "Eh? Daga bakinka, Verlon? Ba kai ne kake tsayawa a nan duk zaɓe kana ce mana duk abin da ba mu gane ba mu ba shi A'a ba?"

Shi ne kuwa, ba wani ba. A jihar Alabama ko sauro gunduma take son kashewa sai an cusa shi cikin tsarin mulkin jiha, kuma da irin Turancin lauyoyin da ke sa mutum ciwon kai. Tun Verlon yana da gashi yake wa'azin A'a. Yau ga shi da kwalin Eh, kunya kamar ta kashe shi.

Dalili kuwa ido ne. Idonsa ya yi rauni, an karɓe lasinsa, sai ya sayi 'yar motar golf, irin mai batir da ake zagaya filin wasa da ita, yana lallaɓawa zuwa shagon kofi. Ɗan sanda ya ce doka ba ta yarda da ita a kan titi ba, sai an gyara tsarin mulki. Verlon ya addabi ɗan majalisarsu har aka rubuta gyaran. Sai wani ɗan majalisa daga can arewacin jihar, wanda bai taɓa taka gundumarsu ta Catalpa ba, ya ce bai amince ba. Shi ke nan, dole jiha kaf ta yi ƙuri'a, kuma sai an ci a jiha an ci a gunduma.

'Yarsa Darlene ta riga ta yanke hukunci: in gyaran ya faɗi, zai tattara ya koma wurinta a birnin Birmingham, a bene hawa na tara. Verlon ya fi tsoron wannan hawa na taran fiye da kabari.

"Mutanen birni ne damuwata," ya ce wa amininsa Odell Tuggle, wanda ya fito daga rumfar zaɓe yana ɗingishi. "Ina ruwansu da ni? Ku dai na san nawa ne."

"Uhm," in ji Odell, ya hau gyara hularsa.

Washegari da safe Darlene ta kawo shi shagon kofi, kwalayen kwashe kaya da ta aro a kanti suna bayan motarta. Ita ta karanta masa sakamakon a waya.

"Baba, jiha ta ce Eh."

"Alhamdu... me? Mutanen birni?" Ya daki tebur har kofi ya fantsama. "Allah ya yi musu albarka! Na janye duk zagin da na yi musu."

"Tsaya mana. Catalpa ta ce A'a. Kuma ba da ɗan tazara ba."

Kowa ya sunkuya kan soyayyen ƙwansa kamar yau ya fara ganin ƙwai. Verlon ya ji abin har cikin ƙashinsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Laifina ne," ya ce a hankali. "Ni na ɓata ku. Kun saba, hannunku ne ya tafi kan A'a, ba ku ma karanta ba."

Odell ya yi gyaran murya. "Mutumina, mun karanta. Wallahi a rayuwata wannan ne gyara na farko da na karanta daga farko har ƙarshe, na kuma gane shi sarai."

"To me ya faru?"

"Mun san wanda zai tuƙa, shi ya faru."

"Akwatin wasiƙuna ka tumɓuke," in ji Arzella daga teburin baya.

"Ka bi ta kan furannin kabarin surukata," in ji mai shagon, "ka ɗaga wa dutsen kabarin hannu kana cewa ina kwana."

"Ni kuma ka zaci haka kawai nake ɗingishi?" in ji Odell.

Verlon ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ko da yake dishi-dishi yake ganinsu. "Munafukai! Ai da kun bar ni a kan ba ku karanta ba."

Darlene ta ɗauki jakarta. "Tashi, Baba, mu fara da ɗakin kwana."

"Ina za ki kai shi, 'yata?" Odell ya miƙe yana laluben mukulli. "Mun ce kada ya tuƙa ne, ba mu ce ya tafi ba. Ni zan riƙa ɗauko shi kullum, kofi da coci da asibiti. In ya tafi, wa za mu riƙa zagi?"

Darlene ta leƙa ta taga. Akori-kurar Odell tana nan, ƙafa ɗaya a kan dakalin shagon, fitila ɗaya a ɗaure da igiya. Odell ya girmi babanta da shekara huɗu.

"Kawu Odell, kai lasinka yana nan kuwa?"

"Har watan gobe."

Kafin ta buɗe baki Verlon ya riga ya fita. Ya haye gaban akori-kurar, ya ja bel ya ɗaure tamau, ya leƙo da kai.

"Darlene, mayar musu da kwalayensu. Kai kuma gurgu, yi sauri, ni zan riƙa nuna maka hanya."